Sifirin Kyari

Duk wanda ya zauna unguwar Zango ta Zinder a shekarun baya ya san Kyari, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon dattijon nan mai zama ƙofar gida da hantsi yana ware goro a faranti, farare gefe, jajaye gefe, masu tsutsa can nesa. Ba na sayarwa ba ne, na cinsa ne. Haka Allah ya yi shi, ba ya iya ganin abu biyu a cakuɗe ya wuce.

Asalinsu Barebari ne. Kakansa ya zo Damagaram, wato Zinder, fataucin kanwa, ya ga wuri ya yi masa, ya zauna. A unguwar Birni aka haifi Kyari, kuma mahaifiyarsa takan ce tun yana rarrafe in ta bar shi a madafa sai ta dawo ta tarar ya raba mata ludayi da muciya, kowa da wurinsa. A lakwal, wato makarantar boko, malamai sun so shi don rubutunsa tsaf yake, ƴan ajinsu kuwa sun ƙi jininsa don shi ke faɗin wanda bai share wurinsa ba. Ya samu sartifika, ya koyi buga mashin ɗin rubutu, ya zama komi, wato ƙaramin magatakarda, yau yana wannan biro, wato ofis, gobe yana wancan.

Aurensa ma ta wannan hali ya zo. Ya ga wata yarinya, Delu, a Kasuwar Dole, ƙuli-ƙulinta a jere, manya gefe, ƙanana gefe, ya ce shi kam ya samu mata. Sai bayan biki ya gano ƙanwarta ce ke yi mata jerin. Duk da haka aure ya yi albarka.

Delu ƴar Rijiyar Alkasum ce, wani ɗan ƙauye a bayan garin Dogo. Mahaifinta, Ɗan Azumi, manomin gero da dawa da gyaɗa ne, shi ne kuma dattijon da ya fi kowa shekaru a garin, in ya yi magana a gindin tsamiya sauran magidanta bayansa suke bi. Ranar da Kyari ya fara zuwa gaisuwar surukai, ya ga gida cike da yara, sai halin nasa ya motsa.

"Baba, gidan nan ku nawa ne?"

Tsoho ya dube shi, ya dubi ƙasa, ya ce, "Waɗanda Allah ya ba mu ne."

A hanyar komawa Delu ta wanke shi tas. "Kai da karatunka ba ka san ba a ƙidaya mutane ba? Akuya ake ƙidayawa. Kana faɗin yawansu sai baki ya kama su, su fara raguwa. Ban da haka, tun zamanin anasara wa ya taɓa ƙidaya mu in ba don lanho ba?" Lanho shi ne harajin kai, anasara kuwa Bature. Kyari ya yi dariya ya ce camfin ƙauye ne. A riƙe wannan: ya ji da kunnensa, ya kuma sani. Ba wanda zai ce daga baya bai sani ba.

Da suka haifi ƴarsu ta fari, Lami, aka kai ta yaye wurin kakanninta a ƙauye, ta yi zamanta can tare da ƴaƴan Habu, wan Delu. Delu ba ta kama sunanta don kunyar ƴar fari, sai dai ta ce "yarinyar can."

Sai damanar alif ɗari tara da tamanin da huɗu ta zo, ta zo kamar ba ta zo ba. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya ƙone a tsaye. Kafin sanyi ya wuce rumbuna sun yi fayau. Mutane suka koma cin anza, ƴaƴan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa an zubar da ruwa, an sake jiƙawa, kafin su ciyu. Wasu har gidan tururuwa suke haƙawa don ɗan hatsin da ta tara. Bakin Zinder ya cika da bukkokin waɗanda suka gudo.

A lokacin ne wata ƙungiyar taimako ta buɗe biro a gari, ta ɗauki Kyari aiki. Shugaban wurin wani anasara ne mai jan gemu, ya zo da mashin mai ƙwaƙwalwa da ake kira ordinater. An ware mata ɗaki, an sa mata na'urar sanyi, ita kaɗai a duk biron, ma'aikata kuwa suna waje suna jiƙa riga da gumi. Aikinta shi ne a ba ta amsoshin da aka tattaro daga ƙauyuka, ita kuma ta raba jar dawar taimako, kowane gari gwargwadon yawan mutanensa.

To amma mashin ɗin ba ta jin hira. Kowace tambaya da ke kan takardun biron sai an faɗa mata wane irin amsa za ta karɓa. Iri huɗu ne kacal: lamba, kalma, kwanan wata, sai e ko a'a. Sunan mai gida kalma ne. Yawan awaki lamba ne. Akwai rijiya a garin? E ko a'a. Aka ba Kyari babban littafi aka ce shi zai riƙe shi, ya rubuta kowane iri da ƙa'idarsa, tsawonsa nawa, me yake karɓa, me yake ƙi, sannan ya bi kowace takarda ya ba kowane gurbi irinsa. Ma'aikata suka sa masa suna littafin iri.

Kai, ba a taɓa ganin mutumin da aiki ya dace da shi irin wannan ba. Ya dawo gida yana walƙiya, ya ce wa Delu, "Ashe duniyar nan duk iri huɗu ce! Kamar ɗakinki ne, ruwa a tulu, hatsi a kwando, ba ki zuba wannan a wancan."

Delu ta ce, "To Allah ya sa a samu abin zubawa."

Kyari ya ɗauki aikin da zafi. Ya tarar rabin mutanen Damagaram ba su san ranar haihuwarsu ba, sai ya kafa doka cewa duk wanda bai sani ba a sa masa ɗaya ga Janairu. Nan take ya haifi dubban mutane rana guda, ba ungozoma. Shi ya tara masu zuwa ƙauyuka yin tambaya, ya ja musu kunne: "Kada wanda ya rubuta abin da ba a faɗa masa ba. In mutum bai faɗa ba, ku bar gurbin haka." Wannan doka mai kyau ce, ta mai gaskiya, ba wanda zai kushe ta.

Takardu suka fara dawowa dami-dami, masu bugawa suka duƙufa. Sai matsala ta ɓullo. Duk sa'ad da mashin ta iske gurbin lamba babu komai, sai ta tsaya cak, ta ƙi gaba. Ga kamiyoyi, manyan motocin kaya, a tsakar biro an loda su suna jira, ga mutane a bakin ƙofa. Anasara ya fito yana yamutsa gemu, ya kira shi "Mushe", wato malam da Faransanci, ya ce, "Mushe Kyari, gurbin lamba ba ya zama wofi. Me za mu sa?"

Kyari ya jawo takardu kaɗan daga saman tari ya duba. Guraben da aka bari duk na awaki ne, da shanu, da damman gero. Ya ce, "Wanda bai faɗi awakinsa ba ai ba shi da su ne. A bana wa ke da dami? A sa sifiri." Ya buɗe littafin iri, ƙarƙashin lamba, ya rubuta layi ɗaya da kyakkyawan rubutun nan nasa: in babu amsa, sifiri ne. Mashin ta ci gaba, aka tafa masa. Ranar har nama ya saya.

Abin da ke ba ni haushi har yau shi ne, shi da hannunsa ya ba tambayar "mutum nawa ne a gidan" irinta, kuma lamba ya ba ta. Doka ɗaya ce ta hau kan akuya ta hau kan mutum. Mai ware farin goro da ja bai ware wannan ba.

Da zafi ya tsananta, labaran ƙauye suka fara muni, Delu ta ajiye kunya gefe ta ce, "A ɗauko yarinyar can."

Kyari ya ce, "In na je na ɗauke ta yanzu, na ce wa Baba ya kasa ci da ita ke nan. Da wane ido zan dube shi?" Gaskiya ya faɗa, ita ma ta san haka. Ya matse albashinsa ya sayi buhun gero, ya ba Mala, direban kamiyon biro, ya sauke musu in ya bi ta wajen. Ya ƙara da cewa, "Ki kwantar da hankalinki. Garinku na cikin mashin, ni na ga sunansa da idona. Rabonsu na zuwa duk wata." Saƙo ya dawo daga tsoho cewa an gode, kowa lafiya lau. Ɗan Azumi ko wuta ke cin gidansa abin da zai aiko wa suruki ke nan.

Rani ya wuce, hadari ya fara haɗuwa, lokacin da yunwa ta fi cizo, don an shuka ɗan abin da ya rage kuma sabo bai zo ba. Wata rana da azahar Kyari na zaune wurin mai shayi a ƙofar biro, Mala ya zo ya zauna kusa da shi yana goge baƙin mai a hannu.

"Mushe Kyari, ni dai ina so in tambaye ka. Garin surukan nan naka, laifin me suka yi?"

"Kamar yaya?"

"Kullum na bi hanyar Dogo, garuruwan da ba su kai su ba ina sauke musu buhuna tuli. Su kuwa takarda ta ce buhu ɗaya, na gidan malamin lakwal da wani baƙo. Mai garinsu ya je ya yi kuka, aka ce masa lissafi daga Zinder yake zuwa, ba a taɓa shi. Jiya yara suka biyo kamiyo, wallahi ko gudu ba sa iyawa. Na tambayi wani, ya ce ai ranar da masu tambaya suka je, surukinka aka fara tambaya a gindin tsamiya, ku nawa ne, ya ce waɗanda Allah ya ba su ne. Sauran duk suka bi bayansa."

Kofin shayin ya suɓuce daga hannun Kyari. Bai ji zafin da ya zubo masa a ƙafa ba. Abin ya jeru a kansa tsaf, yadda yake son abu ya jeru: tsoho bai faɗa ba, mai tambaya ya bar gurbi kamar yadda shi Kyari ya koya masa, mashin ta sa sifiri kamar yadda shi Kyari ya rubuta, gidan da ba kowa kuwa ba shi da rabo. Wata da watanni. Kuma Lami na cikin wannan sifiri.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya ce, ya sake cewa, ya miƙe kamar wanda kunama ta harba. Ya faɗa ɗakin mashin ba sallama, abin da bai taɓa yi ba. Da ya gama bayani anasara ya yi fari fat, ya hau danne-danne. Sai ga su suna fitowa, ba Rijiyar Alkasum kaɗai ba, gida-gida a ƙauyuka da dama, mai gida na nan da sunansa, matsayinsa manomi, mutanen gidansa sifiri. Su biyun suka tsaya suna kallon gilashin mashin, ba mai iya duban ɗan'uwansa.

Kafin la'asar an loda kamiyo. Kyari bai biya gida ba, don bai san abin da zai ce wa Delu ba. Duk tsawon hanya addu'a ɗaya yake maimaitawa a zuci, Allah ya sa ya tarar da yarinyar.

Rijiyar Alkasum ta canza har ya so ya ɓace. Gidaje da yawa an kware rufinsu an sayar da itacen. Babu kukan jaki, babu ƙarar turmi. Waɗanda suka ji kamiyo suka fito a hankali, suna dafa bango. Ɗan Azumi na zaune a zaure, rigarsa ta yi masa yawa kamar ta aro.

Kyari ya durƙusa. "Baba, ina wuni. Ina gajiya."

"Lafiya lau. Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau, Baba." Ya kasa ci gaba da gaisuwa. "Yarinyar fa?"

Tsoho ya ɗaga murya kaɗan ya kira. Sai ga Lami ta fito da ƙafarta. Ta rame, gashinta ya yi ja, amma a tsaye take, har ta ruga ta kama gwiwar ubanta. Kyari ya rungume ta, hawaye ya ɓalle masa a gaban suruki, bai damu ba. Daɗin da ya ji a wannan lokaci bai taɓa jin irinsa ba.

Sai da ya ɗago ya lura gidan shiru ne. Gidan nan da yara ke hawa kansa in ya zo. A tsakar gida matar Habu na zaune ita kaɗai, hannuwanta a kan cinya, tana kallon Lami. Ba kallon ƙiyayya ba ne, da ma shi ne da ya fi sauƙi.

"Baba, ina Habu? Ina yaransa, su Wasila?"

"Habu ya yi kudu neman abinci, bai dawo ba tukuna." Tsoho ya ƙara da cewa, "Buhun da ka aiko, Allah ya saka. Mun ci tare har ya kusa ƙarewa. Da na ga gindinsa sai na ɗaure baki, na ce ragowar ta Lami ce. Hatsin ubanta ne, ita kuma amana ce a hannuna. Namu su ci anza tare da mu." Ya nuna surukarsa da haɓa. "Ita ke dama mata kunun kullum."

Kyari ya dubi matar, ya dubi ƴarsa, ya ga kunun nan a jikinta, kowane ludayi.

Ɗan Azumi ya dogara sanda ya miƙe. "Taso."

Suka fita bayan gari, tsoho a gaba yana jan ƙafa. A can gefen maƙabarta akwai sababbin kushewu, da yawansu gajeru, an rufe su da ƙaya. Ya tsaya a kan wasu uku da ke jere.

"Ranar da ka fara zuwa gidana ka tambaye ni mu nawa ne, ban ba ka amsa ba. Na san ka ji haushi. Kai mutumin lissafi ne." Ya miƙa sanda. "Ɗaya, Wasila. Biyu, Tanimu. Uku, Lubabatu, ita ce ta goye. Waɗannan kam ƙidaya su yadda kake so, ba abin da zai same su kuma."

Kyari ya buɗe baki. Yana so ya ce wani abu game da littafi, da layi ɗaya, da gurbi, amma ya rasa ta inda maganar za ta shiga kunnen wannan mutum. Ya zauna daɓas a ƙasa da wandonsa na biro. Daga cikin gari ana jin Mala yana sauke buhuna.

Washegari ya koma Zinder da Lami. Tsoho da kansa ya ce a tafi da ita, ya sauke nauyi. Delu ta ji komai daga bakin mijinta a tsaye, ba ta yi kuka a gabansa ba, ba ta zage shi ba. Ta ɗauki ƴarta ta goya, yarinyar da ta wuce goyo, ta kira ta da sunanta a gaban kowa. Ta daɗe ba ta haɗa ido da shi ba.

A biro ya soke layin nan da jan alƙalami, ya buɗe sabon shafi a littafin iri, ya ƙara na biyar: ba a faɗa ba. Ƙa'idarsa ita ce duk inda mashin ta iske shi ta tsaya, kada ta motsa sai mutum ya tashi ya je gidan ya gani. Aiki ya ragu da sauri, wasu suka yi gunaguni, Kyari ya dube su sau ɗaya suka yi shiru. Gidajen da aka gano aka kai musu rabonsu, waɗanda suka rage a cikinsu suka ci.

Damana ta yi kyau a shekarar. Ƙungiyar ta naɗe kayanta bayan ƴan shekaru, Kyari ya koma yawon birorinsa har ya yi ritaya. Habu ya dawo, kuma har ƙarshen rayuwar Kyari ba a taɓa yin kaka ba tare da ya aika buhu Rijiyar Alkasum ba, ko an yi albarka ko ba a yi ba. Bai taɓa sake cewa camfin ƙauye ba. Bai kuma taɓa sake yabon rubutunsa ba.

Ya tsufa, Lami ta yi aure ta cika masa gida da jikoki. Wata shekara aka yi ƙidayar jama'a, wata ma'aikaciya ta zo da takarda ta same shi a ƙofar gida yana ware goronsa. Ta gaishe shi, ta tambayi suna, ta rubuta, sannan ta ce, "Baba, gidan nan ku nawa ne?"

Kyari, mutumin da ya san yawan goron da ke farantinsa ko a rufe, ya dubi ƙasa.

"Waɗanda Allah ya ba mu ne."

Ma'aikaciyar ta yi murmushi, ta saba da tsofaffi. Ta ɗaga alƙalami za ta tsallake zuwa tambaya ta gaba. Sai tsoho ya yi wuf ya dafe takardar da tafin hannunsa, faranti ya kife, farin goro da ja suka cakuɗe a ƙasa, ko kallonsu bai yi ba.

"A'a, ƴata. Kada ki bar wurin nan haka. Ni ba zan faɗa ba, amma shiga ciki ki gan su da idonki. Duk suna nan."